Kifin Daberam da Hannun Baba

Ya kai mai karatu, in akwai dattijo a gidanku da ciwo ya zaunar, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci. Yau ban zo da jerin magunguna ba. Labarin yini guda ne da na yi tare da mahaifina, daga Babban Mutum zuwa Daura da bakin madatsar ruwa ta Daberam, muka komo gida kafin magariba.

Baba magini ne, magini na ƙasa, irin waɗanda suka gaji sana'ar daga iyaye. Ya san yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta tsimu kafin a mulmula tubali, ya san jeren azara, ya san yadda ake ɗaga bakan gizo daga bango biyu har ya haɗe a tsakiyar ɗaki. A garinmu da ƙauyukan da ke kewaye, har tsallaken iyaka wajen Magarya, akwai zaurukan da hannunsa ya tayar. Wasu suna nan har yau, wasu damina ta cinye su bayan masu su sun koma ginin bulo. Shekara biyu da suka wuce, yana alwalar asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Da mahaifiyarmu ta leƙo sai ta ga bakinsa ya karkace, magana tana fita a tauye.

Abin da muka yi bayan nan ina jin kunyar faɗarsa, amma zan faɗa don kada ka maimaita. Muka ce iska ce. Aka kawo turare, aka yi ta shafa masa man zafi, har rana ta take tsaka kafin wani maƙwabci ya ce mu nemi mota. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, da ma mun haɗa su tun da asuba. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, da sarƙewar harshe farat ɗaya, alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma duk sa'ar da aka ɓata a gida wani sashe na ƙwaƙwalwa yana lalacewa. A asibiti aka auna jininsa aka tarar ya kai 190 bisa 110. Likita ya ce da alama ya yi shekaru da hawan jini bai sani ba, don ciwon ba ya sallama in zai shiga.

Allah ya sa da sauran kwana. Bayan watanni ana gashin ƙashi ya koma tafiya da sanda, harshe ya saki, hannun dama kuwa ya dawo rabi: yana jan carbi, ba ya iya damƙar tubali. Mu muka ce an warke. Shi kuma ya shimfiɗa buzu a ƙuryar zaure ya juya wa ƙofa baya. Ya daina zuwa majalisar abokansa ta gindin darbejiya. In an gaishe shi ya amsa a taƙaice, in an tsawaita ya rufe ido. Abinci ya zama fagen daga. Likita ya ce a rage gishiri, mu kuma da zafin nama muka cire shi ƙaf, muka cire dunƙule, har yaji muka hana, muka riƙa miƙa masa miya lami kamar ruwan wankin kwano. Sai ya yi loma biyu ya ture. Daga baya na gano yana aiken jikoki a ɓoye su sayo masa dunƙule ya marmasa a kan tuwo. Ƙwayoyinsa kuma na tsinci wasu a ƙarƙashin buzu.

Ka lura da wannan, mai karatu, domin yawancinmu ba mu san shi da suna ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka sami shanyewar ɓarin jiki, ciwon damuwa yana biyo baya. A gida mukan kira shi rigimar tsufa ko taurin kai, mu yi ta faɗa da mai shi a kan magani da abinci, alhali mutumin ya daina ganin dalilin da zai sa ya warke. Wanda ya yi shekara hamsin yana tashi da asuba don akwai bangon da ke jiransa, in ka ce masa ya zauna ya huta har abada, ka ɗauke masa abin da ya fi gishiri.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. Wata rana da yamma wani jikansa ya dawo daga makaranta yana tambayar labarin rijiyar Kusugu. Baba ya ba shi a gajarce, sai kuma ya zarce, kamar wanda ya manta da mu a wurin. Ya ce yana ɗan saurayi, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon Daura a 1966, ubansa ya tafi da shi birni aikin gidan wani attajiri, kuma a nan ya fara ganin ɗaurin guga da ya sa shi ya tsaya baki buɗe har aka daka masa tsawa. Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi cikin wata takwas. A daren na yanke shawara.

Na fara tambayar likitansa, ya ce ba laifi matuƙar ya sha maganinsa da safe, ba a bar shi cikin rana ba, kuma ana tsayawa ya miƙe ƙafa. Muka jira ƙarshen kaka, cikin Nuwamba, lokacin da zafi ya karye amma hazon hunturu bai yi ƙarfi ba. Na ari motar wani abokina. Autarmu ta haɗa ƙaramar tukunya da kurfoti da gawayi da ƙullin kayan ƙamshi, ta ɗauki tabarma da jarkar ruwan sha. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Kai, me zan je yi?" Ni ne ɗan farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ce iyakarta. Na ce, "Baba, so nake ka nuna mini wannan ɗaurin gugar, ni ban san yadda ake kallonsa ba." Ya yi shiru. Da asuba na fito na tarar ya riga ni shiri, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a.

Hanya ba ta da labari mai yawa. Muka bi ta Baure, muka ratsa Zango, gonaki duk an girbe, sai karan gero a tsaye da awaki suna kiwo a ciki. Da hantsi muna Daura.

Muka fara da Kusugu, don ba a zuwa Daura a tsallake ta. Ka san labarin: macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙon nan Bayajidda da ya sare kansa cikin dare, aurensa da Daurama, da zuriyar da ake jingina wa Hausa Bakwai. Yanzu rijiyar tana cikin gini, kuma har yau ana jefa guga a ɗebo. Baba ya sa aka ɗebo masa ya shafa a fuska, amma na ga hankalinsa ba a nan yake ba. Muka wuce ta ƙofar fadar Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, ya ɗaga kai ya dubi ginin, ya ce mu shiga lunguna.

A lungunan tsohon gari ne Baba ya dawo. Ban san wata kalma da ta fi wannan dacewa ba. Gidajen ƙasa sun ragu ƙwarai, siminti da kwano sun ci yawancinsu, amma nan da can kana cin karo da fuskar gida da ta tsira, da zankwayenta a kusurwa, da zane a kewayen ƙofa. Ni abin da nake gani ado ne kawai. Shi kuwa karantawa yake kamar wasiƙa. Ya nuna mini inda mai zane ya fara dagi da inda ya rufe shi, ya ce ana yin zanen ne tun yaɓe yana ɗanye, da yatsu da tafin hannu, saboda haka babu damar gyara: in ƙasa ta sha iska, abin da ka yi ya zauna. Ya nuna mini wani bango da aka shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa don ta kare ƙasa daga ruwa, ya kwatanta shi da na kusa da shi da aka lulluɓe da siminti. Ya ce siminti ba ya aure da ƙasa, ruwa yakan shiga ta tsaga ya kwanta a bayansa, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi. Na ce a raina, wannan ai siffar hawan jini ce, amma ban furta ba.

Gidan attajirin da ya zo nema ba mu same shi ba, shaguna ne a wurin yanzu. Amma wani dattijo da ke zaune a ƙofar gidansa ya ga yadda Baba ke duban bango, ya ce, "Malam, kai magini ne?" Baba ya ce, "Da can." Dattijon ya ce, "Magini ba ya zama na da. Bismilla, shigo ka ga na kakana." Muka shiga zaure mai duhu da sanyi. Sai da ido ya saba sannan na ga rufin: bakuna huɗu sun taso daga bango sun haɗe a sama, tsakaninsu azara a jere kamar saƙar tabarma, a tsakiya kuma an lanƙaya tasa. Baba ya miƙa wa Auta sandarsa. Ya je jikin bango ya ɗora hannunsa na dama, wannan hannun da ya yi wata da watanni yana ɓoyewa cikin riga, ya bi gindin bakan da shi a hankali har inda tsawonsa ya tsaya. Ya ce, "Wanda ya yi wannan bahago ne." Mai gidan ya yi dariya, ya ce shi bai sani ba, amma ba zai yi musu da mai sana'a ba. Suka zauna suka yi ta hira, daga azara zuwa Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Da na duba wayata, ashe tun daga mota zuwa nan Baba ya yi tafiyar da ta fi ta mako guda a gida, bai ce ya gaji ba.

Bayan azahar muka nufi Daberam, wadda ba ta da nisa da birni. Mu mutanen tudu ne, ba mu da teku, saboda haka shimfiɗar ruwa ko yaya take sai ta sa mutum ya yi shiru. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa nesa da gaɓa. Masunta suna dawowa da kwalekwale, yara suna taya su jan koma. Na je na tsaya a kan kwandon wani matashi, akwai karfasa da tarwaɗa, wasu har suna motsi.

In za ka sayi ɗanyen kifi, dubi idonsa ya kasance garau ba hazo, ka ɗaga murfin da ke gefen kansa ka ga cikin ja ne, ka danna tsokar da yatsa ka ga ta taso ba ta loɓa ba. Hanci kuma ba ya ƙarya. Na zaɓi tarwaɗa biyu, ba don ta fi karfasa daɗi ba, sai don ƙayarta kaɗan ce. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, haɗiya takan yi masa wuya ko da ya warke, kuma ƙaya ɗaya ta isa ta mayar da yinin daɗi ya zama na asibiti. Ka zauna kusa da shi, ka cire ƙayar da hannunka, ka tabbata yana zaune a miƙe, kada ya ci a kishingiɗe.

Auta ta hura gawayi. Ta sa albasa da yawa, da tafarnuwa, da ɗanyar citta, da masoro da kanumfari, da tumatir, da attaruhu guda, da daddawa da ta daka tun a gida. Gishiri kuwa abin da yatsu uku suka ɗauka ta barbaɗa wa tukunyar duka, dunƙule ko ɗaya. Da ta sauke sai ta matse lemon tsami a kai. A nan na gane kuskurenmu na wata takwas. Likita cewa ya yi a rage gishiri, bai ce a kashe miya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da na yajin tsire, da na taliyar leda. Amma tsami da yaji da ƙamshi ba su da laifi. Su ne suke rufe gurbin gishiri har harshe ya saba, kuma yana sabawa cikin 'yan makonni.

Baba ya kurɓi romon, ya yi shiru, ya sake kurɓa. Ya ce, "Auta, wa ya koya miki wannan?" Ta ce, "Inna ce, Baba." Ya ce, "To me ya sa ba ku yi mini a gida?" Ba mu da amsa. Ya cinye kasonsa, ya miƙo kwano.

Duk lokacin da aka yi zancen kifi da tsawon rai sai ka ji an kawo misalin Japan, kuma da gaskiyar masu kawowa. Ƙasa ce ta tsibirai, mutanenta suna cikin waɗanda suka fi kowa cin kifi da tsawon kwana, har ɗan birni yakan hau jirgin ƙasa ya yini a wani ƙaramin garin bakin teku don kawai ya ci kifin da aka kamo da safe, ya kalli zane-zane, ya komo. Sai dai akwai rabin labarin da ba a cika faɗa ba. Daga 1951 har zuwa 1980, shanyewar ɓarin jiki ita ce kan gaba wajen kashe mutane a Japan, duk da kifin. Abin ya fi muni a arewacin ƙasar, a yankuna irin su Akita, inda sanyi ya sa ake adana kifi da ganyaye da gishiri, har mutum yakan ci sama da giram 20 a yini. Sai da aka tashi tsaye da wayar da kai a kan gishiri, aka yawaita awon jini da shan magani, firiji kuma ya shiga gidaje aka rage dogaro da gishiri wajen adana abinci, sannan mace-macen suka yi ƙasa sosai. Kifinsu bai cece su ba sai da suka gyara abin da suke zuba masa.

Kuma don kada in yi maka zaƙin baki: man nan mai amfani ga zuciya da ake kira omega-3 ya fi yawa a kifin teku mai maiƙo, irin sadin da taitus ɗin da ake sayarwa a ƙanƙare a kasuwanninmu, fiye da karfasar madatsa. Masana zuciya suna ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, kuma ba sai ka je Daberam ba kafin ka cika wannan. Amfanin kifin ruwanmu shi ne yana gina jiki ba tare da kitsen jan nama ba, matuƙar ba a nutsa shi cikin man da aka yi kwana uku ana suya da shi ba. Banda kuwa ka jiƙa ta da ruwan zafi ka wanke sosai, ka kuma san wurin wanda kake saye, don akwai masu fesa mata maganin ƙwari saboda kada ta yi tsutsa. Cin ɗanyen kifi irin na Japanawa kada ma ka kwatanta shi da kifin tafki. A dafa shi ya dahu.

Abu ɗaya ya rage mini daɗin wurin. Yaran nan da ke jan koma, ruwa har ƙugu, na san abin da yake iya biyo su gida. Ruwan da ke kwance, na madatsa ko kududdufi, shi ne mazaunin ƙananan katantanwa da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba ta cin kifi ake kamuwa ba, ta fata take shiga lokacin wanka ko wanki ko su. A ƙauyukanmu har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini ga yaro alamar balaga, alhali ciwo ne da ke cin mafitsara a hankali, kuma yana da magani mai sauƙi, praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu. Da Auta ta nufi gaɓa za ta wanke tukunya na hana ta, muka wanke da ruwan jarka. In ka kai iyalinka irin wannan wuri, ku kalli ruwan, ku ci kifinsa, amma kada yara su shiga.

Da la'asar sakaliya muka kama hanya, don ba na son dare ya same mu a waje da dattijo a mota. Baba ya yi barci tun kafin Zango.

Ba zan ce maka yini ɗaya ya warkar da shi ba. Awon da aka yi masa bayan wata guda ya nuna 150 bisa 90, har yanzu sama da inda likita yake so, kuma an ƙara masa ƙwaya ɗaya. Akwai ranakun da yake komawa ƙuryarsa. Na gaya wa likita maganar damuwar, abin da ya kamata in yi tun farko, yana kuma bibiyarta. Amma na daina tsintar magani a ƙarƙashin buzu, kuma Inna ta koma daka daddawa da citta kamar mai shirin biki.

Ran Asabar da ta wuce na shigo gida da hantsi na tarar an kwaɓa ƙasa a ƙofar zaure, jikan nan mai tambayar Kusugu yana tattakawa, ƙafafunsa jawur har gwiwa. Baba yana tsaye jikin bango ba sanda, ya yaɓa wani ɗan fili kamar faɗin faifai, yana jan layi da hannun hagu, na dama yana tallafe da gwiwar hannun. Dagin ya karkace ta gefe ɗaya. Ya ja baya ya dube shi, ya sa tafin hannu ya shafe, ya juyo ya gan ni.

Ya ce, "Kai, ƙasar nan ba ta tsimu ba. A rufe ta, a ƙara mata kwana uku."